Tokar Bungudu

Sabon Gari, Gusau
14 ga Fabrairu, 1959

Zuwa ga Kaka Hauwa'u,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki alhali ba ki taɓa ganina ba. Ni ce Rifkatu, 'yar ɗanki Tambaya, wanda ake kira Bitrus tun da ya zama Kirista. Bai san na rubuto ba.

Mun shiga azuminmu na kwana arba'in. Ran Laraba Fada, limamin cocinmu, ya shafa mana toka a goshi, domin mu tuna daga ƙasa muka fito. Tokar ta ƙare kafin ta ishi kowa, Baba ɗan kaɗan ya samu. A azumin nan kowa yakan bar abin da yake so. Mama ta bar goro, ni rake, Juma'a kuma ba ma cin nama. Da na tambayi Baba abin da ya bari, ya ce, "Ni nawa azumin ya shekara goma sha shida." Na gane ke yake nufi.

A aji nakan kalli taga in yi ta zana gidanki a raina. Na ba ki bishiyar tsamiya da farar akuya, amma fuskarki ta ƙi zanuwa. Kaka, ko za ki aiko masa da kalma ɗaya?

Jikarki mai biyayya,
Rifkatu

Bungudu
2 ga Maris

Zuwa ga Rifkatu, ta hannun Malam Arzika mai rubuta takarda,

Bayan gaisuwa, ke 'yar boko, tsamiyar babu, ɗorawa ce, akuyar kuwa ja ce, kuma ɓarauniya. Kin ce toka ta ƙare muku. Wane irin gari ne wanga da za a rasa toka? Ga ta nan cikin ƙullin tsumma wurin Bala direba, ta karan gerona ce, ni na ƙona da hannuna. Amma goshi ba wurin toka ba ne, ku tace ta ku sa a miya kamar mutane.

Yaron nan kuwa, ba ni da abin faɗa mashi. Ni ma namu azumin ya kusa. Allah shi yi miki albarka.

Kakarki

Gusau
21 ga Maris

Kaka,

Barka da shan ruwa. Da na karanta takardarki sai da na yi dariya, don tokarmu ta ganyen dabino ce mai albarka, ba ta miya ba. Amma Mama ta ce, "Yi shiru, tsohuwa ta fi mu sani." Jiya Juma'a ta tace ruwan tokar, ta yi miyar yakuwa ba nama.

Baba ya dawo daga aikinsa na tashar jirgi a Tsafe, ya yi loma ɗaya, sai hannunsa ya tsaya a kwano. Ya daɗe yana kallon bango kamar akwai ƙofa a jiki. Ya ce, "Wa ya je Bungudu?" Na miƙa masa takardarki. Ya karanta, ya ce, "Har yanzu yaron nan take ce mini." Mama ta bayyana mini cewa uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kunya ce, ba fushi ba.

Ya dangwali sauran tokar a tsumma, ya shafa a goshinsa.

Zai zo ran Litinin bayan Ista, bikin ƙarshen azuminmu, kina cikin azuminki. Ya ce in tambaya ko har yanzu da kunun tsamiya kike buɗa baki. Ni kuma ina roƙo, ko ya zo ko ƙafarsa ta yi nauyi a hanya, ki yarje mini in sake rubuto miki.

Jikarki,
Rifkatu