Abin da Inna Ta Tono

Daren Talata, bayan isha'i

Yaron nan nawa har yau bai yi kuka ba. Likita a Kano ta ce rashin numfashi wajen haihuwa ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Wai a ƙasashen waje ana gwada magani da jinin cibiya, in an adana tun ranar. Tasa cibiyar kuwa surukata Inna ta binne ta bayan ɗaki.

Ɗazu na ji ƙarar fartanya cikin duhu. Na leƙa, sai ga Inna durƙushe, hannu duk ƙasa. Ta ce, "Miƙo ƙwarya, gobe mu kai wa likita."

Na san aikin banza ne, amma na miƙa. Ga ƙwaryar nan gefen yaron rufe da faifai, kuma tun ɗazu ita yake kallo.