Kada Ki Ba Baba Haƙuri a Madadina

Maman Fadila,

Ban jira dawowarki daga gidan suna ba. Na hau babur zuwa Mai'adua in tura rahoton kwamiti, can sabis ɗin waya ya fi ƙarfi.

Jiya mu 'yan kwamitin makaranta muka zauna don auna aikinmu da manhajar nan ta waya, wadda kowa ke danna amsarsa ba a ganin suna. Da aka zo tambayar ko mun kula da azuzuwa bana, kowa ya riƙe wayarsa yana jiran Baba, mahaifinki, tunda shi ne dattijo. Ya ce "madalla" a fili, duk suka danna madalla. Ni na danna "mun gaza". Da sakamako ya fito amsa ɗaya ce ta bambanta, Baba kuwa ni ya kalla.

Sun ce tunda ni ne shugaba, in gyara tawa kafin in tura wa hukuma. Na daɗe ina juya abin a raina: wanda ya yi ƙarya don kunyar surukinsa, ladabi ya yi ko zunubi? Ban gama warware shi ba, amma ba zan canja ba. Haka zan tura, har na rubuta burinmu: rufin aji uku kafin damina.

Baba zai zo, na sani. Ki shimfiɗa masa tabarma, ki dama masa fura, amma kada ki ba shi haƙuri a madadina. Da kaina zan je in durƙusa in gaishe shi da yamma. In ya nemi dalili, ki kira masa jikarsa Fadila, ya tambaye ta inda take zama idan ruwa ya sauko. A aji ukun nan mai yoyo take.

Musaddiq