Yaya tana ɗinka rigunan jariri, ni kuwa ƙari ne a cikina

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya kulle.

Ni tela ce. Shago ɗaya muke da Yayata, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu, ita ce ma ta fara ɗora ƙafata a kan keke. Na doshi arba'in, na daɗe da aure, Allah bai ba ni haihuwa ba. Bara al'adata ta rikice, jini kamar an buɗe famfo, har na daina zama kusa da farin yadin mutane. Ga jiri, ga fitsari a kai a kai, mara kuma ta yi tauri tana tasowa. Da aka yi mini hoto, likita ta ce ƙarin mahaifa ne, kuma ba ciwon daji ba ne. Ta ce ana iya cire ƙarin a bar mahaifar, amma yana iya dawowa, ba ta kuma yi mini alkawarin haihuwa ba. Ko kuwa a cire mahaifar gaba ɗaya in huta. Akwai allurar da ke rage masa girma, amma na ɗan lokaci ne.

Maigidana direban motar kaya ne, magana ba ta dame shi ba. Cewa ya yi shi dai kada in mutu in bar shi, saura kuma jikina ne. Kin ji mutum! Ni da nake neman wanda zai zaɓar mini.

Amma babbar damuwata Yaya ce. Idonta tef ɗin awo ne, kafin mace ta zauna ta riga ta san awon ƙugunta. Ta ga na farke siket ɗina na ƙara masa faɗi, ta ga na sake ƙarawa. Jinin kuwa na ɓoye mata. Ba ta tambaye ni komai ba, sai kawai ta hana ni taka keke, ta mayar da ni sa maɓalli, ta ajiye mini matashi a kujera. Rannan ina neman almakashi a durowarta na ci karo da 'yan rigunan jariri da ta haɗa da ragowar ƙyallaye, har da hular da ba ta fi tafin hannuna ba. Na shiga bayi na yi kuka har na gode Allah.

Abin da ban faɗa wa kowa ba, Anti, daɗi nake ji. Ban taɓa sanin yadda ake lallaɓa mai ciki ba sai yanzu. Ranar da likita ta sa mini ta wuce ban koma ba, jiya kuma jiri ya kusa kayar da ni a kan dutsen guga. In na bar mahaifar ina tsoron wahalar banza, in na cire ta na rufe ƙofa da hannuna. Yaya zan yi?

Ƙanwarki, Mai Sa Maɓalli

Ƙanwata, sannu. Ban ga laifinki ba don kin ji daɗin matashin nan, kin daɗe kina jiran a lallaɓa ki. Sai dai jinin da kike zubarwa ba ya jiran ki gama shawara. Ki koma asibiti cikin makon nan a auna jininki a gyara shi, domin kowace hanya kika ɗauka sai da jini a jika.

Ni ba likita ba ce, kuma ba zan zaɓar miki ba. Maigidanki ma ba gudun nauyi ya yi ba, tsoro ne ya ɗaure masa baki. Cire ƙari a bar mahaifa yana barin ƙofa a buɗe, amma da sharaɗin za ki iya jure jira, wataƙila ma da wata tiyatar nan gaba. Cire mahaifa yana kawo ƙarshen jinin har abada, sai dai ba a komawa baya. Ki tambayi likita kai tsaye: a shekarunki, da inda ƙarin yake zaune, wane fatan ciki ne ya rage in an bar ta? Ki tambaya ko akwai wata hanya ban da yanka wadda ta dace da ke. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki kai hoton wa wani likitan mata, ba raini ba ne. Magungunan da ake cewa suna narkar da ƙari kuwa, ki yi hattara, da yawa lokaci kawai suke ci wa mace.

Yaya kuma, ki faɗa mata kafin ta yanka wata rigar. Ku rufe shago, ki kama hannunta ki ɗora a marar, ki gaya mata abin da hoto ya nuna. Za ta yi kuka, ki bar ta, ku yi tare. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma wadda ta raine ki ba za ta so a ce tana murna kina zubar da jini a ɓoye ba. Ku je wurin likitan da ita, kunne huɗu ya fi biyu.

Ko da mahaifa kika fito daga ɗakin tiyata ko babu, mutum biyu za ki tarar tsaye a bakin ƙofa, kuma ke suke jira. Allah Ya ba ki lafiya, Ya zaɓa miki mafi alheri.

Antinki