Kakarta Ta Mai Da Sukari Magani

Hajiya Saudatu, don girman Allah ki taimake ni kafin in yi abin da zai sa a yi da ni a Illela. Ban ma san ta inda zan fara ba.

Ɗiyata ta fari shekararta goma sha biyar, kuma bara likita ya ce tana da ciwon sukari, irin wanda sai da allura kullum. Kin san al'adarmu, 'yar fari ba taki ba ce. Tun da aka yaye ta Inna, uwar mijina, ta ɗauke ta, ɗakinsu ɗaya, kwanonsu ɗaya. Ko sunanta ba na kira. Gida ɗaya muke, amma in na tambayi abin da ta ci, sai a bi ni da kallo kamar na yi sata.

Ga abin da ya ɓata komai. Wata rana yarinyar ta yi allurar safe, ta ga ta makara, ta fita makaranta ba ta karya ba. Aka dawo da ita tana rawar jiki, gumi sharkaf. Inna ta dama sukari a ruwa ta ba ta, nan take ta warware. Tun daga ranar Inna ta zama likita. Babu matar unguwa da ba ta gaya wa ba cewa allura ce ke kayar da jikarta, sukari ke ta da ita. Yanzu fura sai da cokali uku, shayi kamar zuma, ga lemon kwalba da biredin Konni duk ranar da babanta ya ƙetara Nijar. Na kwaɗa zogale na aika, Inna ta ce jikarta ba akuya ba ce. Ita kuma yarinyar mi take so in ban da haka?

Kullum ƙishirwa, kullum hanyar bayi, sai ramewa take. Watan jiya kwananta huɗu a asibiti. Yanzu Inna ta fara cewa a riƙa hutar da ita allurar. Maigidana Maccido ya ce shi ba zai yi musu da mahaifiyarsa ba. In na yi magana ba ni da kunya, in na yi shiru ina kallo za ta tafi. Wallahi na gaji, kuma haushin kaina nake ji.

Uwa mai haɗiye magana, Illela

Amsa:

'Yar'uwa, na ji haushi tare da ke, amma bari in fara da abin da ba za ki so ji ba: ranar nan Inna ta yi daidai. Yin allura ba tare da cin abinci ba ne ya sa sukarin yarinyar ya faɗi, kuma ruwan sukarin nan ya cece ta. Kuskurenta shi ne ta ɗauki maganin rana ɗaya ta mai da shi abincin kullum. Ƙauna ce da tsoro. In kika nuna mata ba ta san komai ba, ba za ta saurare ki ba har abada.

Maganar hutar da allura kuwa babu ita, ko kwana ɗaya. Wannan yana iya kashewa, kuma haka za ki faɗa wa Maccido, ba a sakaye ba. Ba musu aka ce ya yi da mahaifiyarsa ba. Ya ɗauke ta a kai yarinyar awo tare, ta ji daga bakin likita, a yaba mata a gabanku, sannan a ba ta aiki: ita ce mai ajiye sukarin gaggawa, ita ce mai hana fita ba a karya ba. Shi kuma ya daina shigo da lemo, tsarabar gyaɗa ta isa.

Kada a koma horar da yarinyar da yunwa, girma take yi. Fura ba sukari, da ludayin da likita ya ƙayyade. Tuwo daidai misali, miya da ganye da yawa, wake, ƙwai, kifi, nono, kuma a kan lokaci. Tukunyar kowa ta zama haka. Mai shekara goma sha biyar ba za ta ci zogale ita kaɗai tana jin ƙamshin shayinku ba.

Saura ke. Kunya ado ce, ban ce ki yar da ita ba, amma ba a yi ta don a rasa rai ba. Kin rubuto mini shafi guda, ɗiyarki kuwa na tabbata ba ta taɓa jin kalma ɗaya daga bakinki ba. Wataƙila tana ganin ba ki damu ba. Ki kira ta ɗakinki, ku biyu, ki gaya mata kina tsoron rasa ta.

Allah ya ba ta lafiya, ya sanyaya zuciyarki, ya bar muku Inna.