Haddar da Ka Ɗora wa Hafsat

Makera, Kaduna.

Zuwa ga ƙanena Ɗahiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya Fatakwal, yaya aiki, yaya ruwan samanku da ba ya gajiya? Allah ya ƙara rufin asiri, ya tsare ka a inda kake. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida shan hantsi. Maimuna ta sauka lafiya, an samu namiji, an raɗa masa Anas. Maigidana Malam Shehu yana nan yana fama da kafintancinsa, ni kuma ina kan keken ɗinkina.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. A waya ba ka barin mutum ya kai aya, kafin in ce ɗaya ka ce goma, sannan ka ce ana kiranka wurin aiki. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta. Maganar 'yarka Hafsat ce. Sakamakon jarrabawa ya fito, ta faɗi darasin Turanci, faɗuwa ba ta wasa ba. Makaranta ta ce za a sake yi musu nan da mako uku, in ba ta ci ba sai ta maimaita aji huɗu. Kada ka fara cewa wasa ya yi mata yawa. Yarinyar nan ba ta wasa. Na san wanda ya kayar da ita, kuma shi nake rubuta wa.

Ka tuna a farkon zango malamarsu ta ba su takarda mai kalmomi arba'in na darasin harshe: mene ne suna, mene ne aikatau, mene ne sifa, me ake nufi da tauraron labari, da wurin da labari ya faru, da jigonsa, kowace kalma da bayaninta da Turanci. Ni da rawar kaina na ɗauki hotonta na tura maka don ka ga 'yarka ta girma. Washegari ka kira ka kafa doka: kalma biyar duk mako, a haddace, a biya maka ranar Juma'a bayan la'asar, yadda muka riƙa biya allo a gaban malaminmu a Tudun Wada. Na ce maka wannan ba karatun hadda ba ne, ka ce me tela ta sani game da boko. To, tela ta ja bakinta ta yi shiru.

Mako takwas muka yi a haka. Tana shara tana tilawa, tana wanke-wanke tana tilawa, har da rausaya da jan murya. Inna da kunnenta ya yi nauyi ta ɗauka sura ce, ta yi ta sa mata albarka. Ran da ta kai ta arba'in ka ce in soya waina a raba wa maƙwabta, sai ka ce sauka ta yi. Na soya, Ɗahiru. Da kunyata da komai na soya, aka yi ta tambayata izu nawa ta kai, ina kame-kame.

Ranar jarrabawa aka ba su ɗan labarin wata mata da kazarta ta ɓata, aka ce su faɗi wane ne tauraron labarin, a ina abin ya faru, mene ne jigonsa. 'Yarka ta zauna ta zuba musu bayanin kowace kalma kamar yadda yake a takardar nan, ba ragi ba ƙari, da rubutunta mai kyau. Ko sau ɗaya ba ta ambaci matar ba, balle kazar.

Na yafa gyale, na riƙo hannunta na nufi makarantar da shirin faɗa, don ni ma a lokacin gani nake an zalunce ta. Malamar tasu, Malama Scholastica, mace ce mai sanyin hali. Ta ba ni kujera, ta ajiye mini takardar jarrabawar, gani ya kori ji. Sai ta juya ga Hafsat ta ce ta manta da jarrabawa, ta ba ta labarin abin da muka gani a hanya. Da farko yarinyar ta yi tsuru-tsuru tana neman inda aka rubuta amsar. Can sai baki ya buɗe, ta kwaso labarin akuyar da ta yi tsalle daga cikin keke Napep a bakin kasuwar Kakuri, mai ita ya bi ta da igiya a hannu har ya kifar da tiren mai burodi. Hausa, Turanci, har da Buroka, duk ta haɗa, malamar na ta dariya. Da ta gama aka tambaye ta labarin wa ta bayar, a ina, wace matsala ta same shi, me mutum zai koya. Ta amsa duka ba gargada, har ta ce darasin shi ne ka ɗaure akuyarka kafin ka hau keke. Malamar ta ce ai abin da aka tambaye ta ke nan a jarrabawa. Hafsat ta saki baki. Ta ce ita ta ɗauka kalmomin nan na biya wa Baba ne kawai, ba ta san suna da wani aiki ba.

Maganin da malamar ta bayar mai sauƙi ne: labari ɗaya kullum, a karanta ko a faɗa, sannan a yi mata tambayoyin nan a kansa. Ƙawarta Vicky tana biyowa daga unguwar Television da littafinta bayan an tashi, su zauna kusa da kekena, ina ɗinki ina tambaya. Har mun fara ganin haske. Sai ga kiranka ranar Juma'ar da ta wuce, ka ce hadda ba tilawa guduwa take, a ɗauko daga farko. Ranar Asabar na tambaye ta tauraron labarin da suka karanta, ta rufe ido ta fara rausaya. Wallahi kamar in jefar da almakashi. Ni ina saƙa kana warwarewa, ga kwanaki suna tafiya. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba, na san don son ta kake yi, amma ka bar haddar nan haka.

Na faɗa mata zan rubuto maka a daina, ina tsammanin za ta yi murna. Sai hawaye suka zubo mata. Da ƙyar ta tambaye ni ko in babu abin biyawa Baba zai ci gaba da kira ranar Juma'a, don kafin takardar kalmomin nan ta zo sai a yi wata biyu ba ta ji muryarka ba. Tun rasuwar mahaifiyarta babu tambayar da ta yi mini na rasa amsa sai wannan. Ba ni ce da amsar ba, kai ne. Juma'a bayan la'asar zan miƙa mata wayar.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Malam Shehu da Maimuna suna gaisuwa. Ka gaida maƙwabcinka Benson da iyalinsa, da Alhaji Auwal mai gidan da kake haya. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Talatu