Kafaɗar Mamanki

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fatan kun isa gida lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Yaya gajiyar hanya, yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar nan da kika sani.

Masu zuwa gaisuwar rasuwa sun ɗauke ƙafa. An mayar da kujerun da muka aro daga coci, tsakar gida ta yi faɗi har faɗin ya yi yawa. Ban taɓa sanin agogon falo yana da ƙara haka ba, ashe surutun mamanki ne yake rufe shi. Da safe har yanzu ruwan shayin mutum biyu nake ɗorawa, sai na zo zubawa nake tunawa. Na buɗe shago, ina ɗan faci da gyaran sarƙar keke, amma in na tashi da yamma babu wanda zan kai wa labarin masu kekunan da rigimarsu. Kewa tana damuna, ba zan ɓoye miki ba.

Maganar da kika yi cewa in tattara in koma wurinku, na ji, na kuma gode. Amma ki bar ni tukuna. Ina da kwaya, ƙungiyar mawaƙan cocinmu. Tun kafin a haife ki nake tsayawa a layin baya cikin masu babbar murya, mamanki a gabana cikin mata. Muddin wurin nan nawa ne, ina da dalilin goge takalmi in shiga mutane. Wannan makon zan koma gwajin waƙa.

Ki gaishe mini da yaran, ki ce wa ƙaramin ya daina cin sabulu.

Ni ne,
Babanki

Auta 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kamar yadda nake a nan. Na ga saƙon magani, Allah ya yi albarka.

Abin kunya ya same ni, gara ki ji daga bakina. Tsohon mai gadin coci ya rasu, aka ce mu yi waƙa a jana'izarsa, waƙar tashin matattu wadda mata ke farawa, a ɗan tsagaita, sannan maza su shigo da ƙarfi. Mata suka yi nasu. Aka zo wurinmu, na buɗe baki ina jira, na yi ta jira. Ke kin san sauran mazan ni suke bi, don ni ne babbansu. Da na yi shiru sai duk suka yi shiru. Malamin waƙa yana ta kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda, coci cike, gawa a gaba, mu kuwa tsit. Mai ganga ne ya rufa mana asiri.

A hanyar gida na gane abin da ya faru. Ashe duk shekarun nan ban taɓa kallon hannun malamin waƙa ba. Kafaɗar mamanki nake kallo. Tana da wata ɗabi'a, in lokacin shigarmu ya yi sai ta ja numfashi, kafaɗarta ta hagu ta ɗan ɗaga, ni kuma sai in saki murya. Ana ta yabona wai ban taɓa kuskuren shiga ba, ni ma ina hura hanci, ashe aikinta nake ci. Yanzu matar mai kemis ce a wurinta, ita kuwa baiwar Allah kafaɗarta ko motsi.

Malamin waƙa ya zo har shago. Yaron kirki ne, ya yi ta kewaye-kewaye yana murza birkin keken wani, daga ƙarshe ya ce ko zan ɗan huta. Na roƙe shi ya ƙara mini dama, zan koyi kallon hannunsa.

Fasto ya ce mamanki barci take cikin Ubangiji, za ta tashi. Na gaskata, Auta, ban taɓa shakka ba. Amma ranar nan da na tsaya baki buɗe, sai na ji ranar tashin ta yi mini nisa ƙwarai. Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Baba

'Yata abin ƙaunata,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka. Yaya aiki, yaya makarantar yara? Ki yi haƙuri da jinkirin amsa.

Na gwada, abin ya ƙi. In na kafa wa hannun malamin ido, kafin in ankara idona ya sauko yana neman abin da babu. Wani lokaci in riga kowa, wani lokaci in makara, samari suna danne dariya saboda girmana. Ban jira an sake yi mini magana ba. Na wanke rigar kwaya, na goge, na ninke, na kai musu da hannuna. Da na fito sai na rasa inda zan nufa, na zauna a kan dakalin coci har masu shara suka gama.

Ranar Lahadi na zauna cikin jama'a, a benci na tsakiya, kusa da mutanen da ban san ma suna zuwa cocinmu ba. Sai ga shi sun ɗauko waƙar nan. Ban taɓa jin ta daga gaba ba. Mata suka yi nasu suka tsaya, aka yi ɗan shirun nan, gabana ya faɗi. Na duba jama'a, ba wanda ya damu, wata tsohuwa ma har tana murmushi ido a rufe, don kowa ya san maza na nan tafe. Suka kuwa shigo, har benci ya ɗauki rawa. Na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba ranar da aka sa mamanki a ƙasa, amma na fito zuciyata a sake. Wanda ya yi mana alkawarin tashi ba ya makara, ni ne dai shirun ya yi wa tsawo.

Don haka ki gyara mini ɗakin, zan zo ƙarshen wata. Shagon zan bar wa maƙwabcina mai walda. Sai dai ina da sharaɗi guda, ki karanta wa yayyenki su ji. Na je maƙabarta tare da Fasto, ya nuna mini wurin da aka bar mini a gefen kabarin mamanki. Na ce a ba wani. Na zaɓi na layin baya, daidai bayanta, ɗan hagu kaɗan. Ya yi dariya har da hawaye, amma ya yarda. Duk inda rai ya yi halinsa, ku dawo da ni nan. Ranar da za a busa ƙaho jama'a za su yi yawa, ni kuma kin ga ban iya kallon hannu ba. Ku dai ajiye ni inda zan ga kafaɗarta.

Sai na zo. Ubangiji ya tsare ku.

Ni ne mai ƙaunarki,
Babanki