Sojan da ya yi tafiya lokacin La'asar

Zuwa ga Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina roƙon Allah Ya kai haske makwancinka. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake, amma ka san halina, na fi iya magana idan babu mai mayar mini da amsa.

Shekaranjiya ina zaune a Yelwa, na kalli wasan ces, darar nan ta Turawa, a waya tsakanin wasu gwanayen duniya biyu. Ɗayan ya ba da dokinsa kyauta a gaban sarkin abokin karawarsa, har masu sharhi suka fara yi masa jaje. Ba a jima ba sarkin ya rasa inda zai sa ƙafa. Sai na gan ka zaune a zauren gidanku na Ɗan Iya, kana cewa kafin mutum ya kai hari ya ƙirga masu zuwa da masu tsaro, sannan ya tabbata sarki ba shi da ƙofar baya.

Ni kuwa shekara da shekaru ina yi maka dariya. Nakan ce kana wasa kamar ɗan acaɓa ya hango fasinja a tsallaken titi. Na karanta littattafan wasan, kai ba ka karanta ba, sai na ɗauka hakan ya ishe ni hujja.

Ka tuna karawarmu ta ƙarshe, wadda mai nasara zai wakilci jiha a Legas? Ka ba ni dokinka daidai yadda wancan gwani ya yi. Na cinye da rawar jiki, sai daga baya na ga abin da ke tafe. Ina cikin gumi aka kira La'asar. Kamar yadda aka saba, aka tsayar da agogon wasa, aka bar allon a buɗe. Ba wanda ya taɓa tunanin a sa masa mai gadi.

Sahu ɗaya muka yi, kafaɗata na gogar taka. Liman na sallamewa na miƙe, ko addu'a ban tsaya ba. Na riga kowa komawa, na tura sojan da ke gefen sarkina gida ɗaya. Ƙofar baya ke nan.

Da ka dawo ka daɗe kana duban wurin. Ka cire hula, ka sosa kai, ka ci gaba da harin da ka san ya riga ya mutu. Da ka miƙo mini hannu, abin da ka ce kawai in gaishe maka da teku.

Na je Legas aka yi ta cinye ni, na dawo ina cewa ruwan can ne bai karɓe ni ba. Kai kuwa ba ka ƙara samun irin wannan dama ba. Abin da ya fi muni, na mayar da wasan nan labarin majalisa, ina ba matasa misali da kai a kan illar gaggawa. Kana zaune kana murmushi.

Bayan sadakar arba'in ɗinka, matarka Anti Ladi ta ba ni littafin da kake rubuta wasanninka. Ban buɗe ba sai jiya. Ka zana allon waccan rana daga ƙwaƙwalwarka, sojan yana gidansa na asali, ka jera motsi biyar da za su kashe sarkina. Na ba kwamfuta, ta yarda da kai. A ƙasan shafin ka rubuta: "Sojan Isa ya yi tafiya lokacin La'asar. Allah Ya sa da alwalarsa."

Ashe duk shekarun nan ka sani, Yaya. A bainar jama'a na yi maka ba'a, shi ya sa na ga a bainar jama'a ya kamata in faɗa. Harinka daidai ne. Kai ya kamata ka ga teku.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa yafiyar da ka yi mini ban roƙa ba ta zame maka haske. Ni ma Allah Ya yafe mini waccan sallar.

Na jera allon a ɗakina, na mayar da sojan gidansa. Motsinka ne.

Ƙanenka mai jin kunyarka,
Isa